Hoton Japan na Yaya Zuwaira ba zai shiga roba ba

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai yayata Zuwaira makwancinta a bayan garin Lyon, Allah ya jiƙanta. Ta bar ɗa ɗaya, da jikoki uku, da wata takarda da ba ta kai faɗin faifai ba. Ɗan da jikokin suna lafiya. Takardar ce ta sa wata biyu ke nan gaisuwata da ɗanta ba ta wuce "lafiya lau" a waya.

Hoto ne na mutanen Japan, irin wanda ake sassaƙa zane a jikin katako, a shafa launi, a ɗora takarda a murza da hannu, kowane launi da nasa katakon. Mata biyu ne a bakin kogi suna matse wanki, bayansu kwalekwale da tsauni. Yaya ta tsinto shi a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi, cikin kwali ɗaya da tsofaffin kalandu. Ta ce shuɗinsa ne ya tsayar da ita, don rabonta da ganin shuɗi mai zurfi haka tun tana kai wa innarmu zane marina a Damagaram.

Ni ne ɗan boko a gidanmu. Na koyar a lakkwal, wato makarantar boko, shekara talatin, na gyara wa 'ya'yan Faransawa Faransancinsu da jan biro. Yaya kuwa aji biyu ta yi aka cire ta. Da tsintsiya ta shiga wani shago a Lyon inda ake sa wa hotuna katako da gilashi, ana kuma gyara tsofaffin takardu. Ta yi shekara ashirin da huɗu a can. Da hannun tsohuwar mai shagon ya fara rawa, hannun mai shara ne ya karɓi aikin, ko da yake sunan da ke kan ƙofa bai canza ba.

Ranar da ta zo da hoton gidana a Vaulx-en-Velin, nan gefen Lyon, na dube shi na yanke hukunci irin namu na malamai, wato da sauri kuma da tabbaci. Na ce kalanda ce. Ba ta yi musu ba, sai ta kife shi.

"Mushe, zo ka koyi karatu," ta ce. Haka take kirana, wato malam da Faransanci, in za ta kunyata ni. "Mutum ake duba wa fuska. Takarda, bayanta ake duba."

A bayan na ga launin ya ratso, na kuma ga sawun murza, zagaye kan zagaye, inda hannun wani bawan Allah ya bi tun kakanmu bai zo duniya ba. Ta ɗaga shi wajen taga, siraran layuka suka bayyana a cikin takardar kanta. Ta ba ni madubin ƙara girma ta ce in nemo ɗigo-ɗigon da injin buga jarida ke bari. Ban samu ko ɗaya ba. A sararin samaniyar hoton ma ana ganin jijiyar katakon. Lafiya dai ba shi da ita: ƙwaro ya huda shi, ruwa ya bar masa tabo a ƙasa, jan da ke jikinsa ya koɗe saboda rana, kusurwa ɗaya kuma ta yage.

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ta bar shi wurina ta tafi ganin likita, ni kuma na ga yagewar ta tsaya mini a rai, na ɗauko skoc, tef ɗin nan mai danƙo, na manna. Na yi aikin da tsafta, har na sa rula. Da ta dawo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Garin neman gira ka tsone ido." Mako uku ta yi tana ɗaga wannan ɗan skoc ɗin, kaɗan-kaɗan kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri, kuma duk da haka danƙonsa ya bar ɗan rawayan tabo da yake nan har gobe. Nata gyaran da kunun sitacin alkama ta yi shi, wanda ta dama ta tace da kanta, da wata takarda mai laushi kamar yanar gizo. Dalilinta ɗaya ne: abin da aka liƙa da kunu, ɗan danshi na sake shi, wanda ya fi ka sani zai iya warwarewa wata rana ya yi wanda ya fi naka.

Sau ɗaya muka kai shi Paris wurin wani dillalin irin waɗannan hotuna, don ta ji ko idonta ya gaya mata gaskiya. Mutumin ya dubi hoton, ya dubi ɗankwalinta, ya tambaye ta a gidan wace madam take aiki. Na buɗe baki zan yi masa lacca, ta taka mini ƙafa. Ta ce masa wuri biyar ta gyara, ya nuna su. Ya sa tabarau, ya kunna fitila, ya samo biyu. Da ya sauko daga dokinsa sai ya kawo shawara: a wanke shi da magani, a ɗan farfaɗo da jan, zai fi shiga ido. Yaya ta mayar da shi cikin jakarsa ta ce, "Tsohuwa ce, ba jan-baki take nema ba." A jirgin ƙasa na komawa Lyon ta ci gyaɗarta kamar ba abin da ya faru. Ni ne na yi ta huci har muka sauka.

Kafin ta rasu ta ba ni shi a hannu, da hankalinta, a gaban ɗanta Lawali. Yanzu Alhaji Lawali ne, yana sarin jakunkuna da takalma a Aubervilliers, can gefen Paris, kuma yana da injin lulluɓe takarda da roba. Bana ya kira ni ya ce yana so ya sa hoton a roba, ya rataye shi a shago daidai ƙofar gilashi, duk mai shigowa ya ga abin mahaifiyarsa.

Ba na zargin niyyarsa, kuma na san inda ya samo ta. Mu nan duk takardar da muke ji da ita roba muke sa mata: takardar haihuwa, shaidar karatu, har hoton biki. Wanda aka taɓa mayar da shi gida daga layin ofis saboda takardarsa ta yamutse, ya san dalili. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Sai dai injin nan da zafi da danƙo yake aiki, kuma abin da ya haɗiye ba ya amayarwa. Sauran aikin rana ce za ta ƙarasa ta gilashin ƙofa, cikin 'yan shekaru a wayi gari matan nan biyu suna wanki a farin kogi.

Na ce a yi kwafi mai kyau a rataye. Ya ce, "Kawu, kwafi ba shi Inna ta taɓa ba. Kuma a cikin akwati wa ke ganinsa?" Maganarsa da nauyi, ban raina ta ba. Na ce masa ƙofata a buɗe take, jirgin ƙasa awa biyu ne. Sai ya aiko mini da dattawa biyu. Ɗaya ya ce roba kariya ce, ɗaya ya ce ajiye hoto ma da sake a addinance. Na ba su shayi, na bar su suka yi gardamarsu, na raka su bakin bas.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da wannan zamani, da ake ɗaukar hoto dubu a waya ba a koma kan ko ɗaya. Ina jin ba za ta yi wa'azi ba, don ba ta iya ba. Za ta yi dariyar ɗanta, ta yi tawa, ta tambaya ko mun wanke hannu kafin mu taɓa.

Sunanta ba ya kan kowane allo a Lyon. Aikinta mafi kyau ma shi ne wanda ido ba ya gani, kuma yana rataye a gidajen mutanen da ba su san ta taɓa rayuwa ba. Abin da ya rage a hannuna shi ne wannan guda ɗaya, kwance a shimfiɗe tsakanin farar takarda biyu, nesa da taga, nesa da bututun ɗumama ɗaki. Shekarata saba'in da ɗaya. Lawali zai gaje shi, na riga na rubuta haka, kuma ina addu'a, kafin ranar nan, ya zo ya zauna ya duba da idonsa. In kuwa bai zo ba, to ya yi haƙuri: sai an naɗe ni a likkafani kafin a naɗe shi a roba.