Sallamar Kawu Idi a Kwatano

Akwai wata ranar Talata da na so in manta da ita, ta ƙi mantuwa. Tunda kun ce in ba ku labarin aikin nan kafin ku shige shi, da ita zan fara. Kada ku gyara zama, ba labarin bajinta ba ne.

Aikinmu, ga wanda bai sani ba, tafinta ne ta waya. Bahaushe ya shiga asibiti a Turai, likita ba ya jin Hausa, shi kuma ba ya jin Faransanci, sai a kira kamfani, kamfani ya haɗa su da irina. In sa kaske, abin sauraren nan, a kunne, in zama bakin kowa. A nan Tanut na fara, a shagon ƙofar gidanmu, amma kun san halin kuran, wutar lantarki, da rezo na waya, ana tsakiyar magana sai ɗif. Da aka ja mini kunne, sai na saɓi ordinatar, kwamfutata ke nan, na bi inda wuta ba ta ɗaukewa. Na ɗan zauna a Lome, daga can na koma Kwatano, na kama ɗaki a wani gida kusa da teku. Duk 'yan gidan irina ne, Turawa da 'yan Senegal da wata 'yar Kamaru, kowa da na'urarsa, kowa ubangidansa yana wata ƙasa. Garin gumi ne. Riga sai ta kwana a igiya ba ta bushe ba, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Shi ya sa muke sa riga mai kyau a sama saboda kamara, a ƙasa kuwa gajeren wando.

Aikin mataki-mataki ne. Sabon shiga ana ba shi ƙananan kira. Kafin a kai ka matakin likitoci, sai shef, wato shugabarmu, ta saurari wani kira naka na gaske tana shiru, ta ba ka maki. Doka ita ce kada a ji muryar kowa a ɗakinka, kada kuma ka yi magana da wani a gefe. Amma an bar ƙofa: in abu ya taso, kana iya cewa tafinta yana neman a ɗan dakata, ka kashe mikro don kada a ji ka. Sai dai mu a tsakaninmu muna raɗe-raɗin wai wanda ya yi haka ranar jarrabawa ya faɗi. Ba wanda ya taɓa tabbatar mana da wannan.

Kawu Idi ƙanin mahaifiyata ne, dillalin raƙuma a kasuwar Belbeji. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya sa ni lakkwal, makarantar boko, alhali 'ya'yan cikinsa suna bin dabbobi. Inna ta gaya mini a waya cewa yana nan tafe Kwatano sayen mota, kuma wurina zai sauka. Rana ce ba ta faɗa ba. Kun san mutanenmu, ba a sanar da ranar tafiya.

Talatar nan da hantsi aka kira ni, Madam Kilodin shef ɗinmu tana kan layi, ranar jarrabawata ke nan. Wata mata ce 'yar wajen Tasawa, za a yi wa ɗanta aiki a zuciya, likita yana yi mata bayani tana kuka. Na kashe ƙarar wayata, na bar ƙofar ɗaki a ɗan buɗe saboda zafi. Ina cikin juya maganar likita sai na ji, “Salamu alaikum.”

Na ɗaga ido. Kawu ne, da rawaninsa da jakarsa a kafaɗa, ƙurar hanya ba ta ma bar rigarsa ba. Mai gadi ne ya rako shi har bakin ƙofa. Likita bai tsaya ba, ni ma ban tsaya ba.

Ya sake yin sallama, wannan karon da ɗan ƙarfi. Wallahi kalmomin neman dakatawa suna kan harshena. Sai na tuna Madam tana saurare. Abin da na yi shi ne na ɗora yatsa a kan leɓena, da hannun hagu ma, kamar yadda ake yi wa yaro mai surutu a masallaci.

Ya dube ni, ya dubi gwiwoyina a waje. Ya yi ta uku a hankali. Ku 'yan Damargu ne, ba sai na gaya muku ba, in mutum ya yi sallama uku ba a amsa ba, juyawa yake. Na ji takun takalminsa yana sauka daga bene, ni kuwa ina gaya wa matar nan kada yaron ya ci komai kafin a shiga da shi.

Da aka gama kiran, Madam ta ce, “Laminu, madalla. Ka wuce.” Ban san me na ce mata ba. Na zura dogon wando na fita. Mai gadi ya ce tsohon ya tambayi hanyar Zango, unguwar Hausawa. Na hau babur ana yayyafi, na yi ta tambaya, sai bayan azahar na same shi a rumfar wani Badamagare mai sayar da tayoyi, yana zaune cikin dattawa ana shan shayi.

Na tuɓe takalmi na durƙusa. Kafin in buɗe baki, Kawu ya ce da su, “Ga ɗan nawa da nake ba ku labari. Shi ya tarbe ni ɗazu, ya yi ta fama in sauka wurinsa, ni na ƙi, nan ya fi mini kusa da masallaci.”

Suka yi ta sa mini albarka. Wani har ya ce irina sun yi ƙaranci a yaran yanzu. Kai! Da duka Kawu ya yi mini a gabansu da ya fi mini sauƙi. Aka miƙo mini shayi na karɓa na ajiye a gefe.

Da suka tashi salla na matsa kusa da shi, na kwashe komai na gaya masa, matar da ɗanta da jarrabawar. Ya saurara har na gama. Ya ce, “Allah ya ba yaron lafiya.” Sannan ya ce, “Sallama ta farko na ce ba ka ji ba. Ta biyu na ce ko ba ka shaida ni ba ne, an daɗe.” Bai faɗi ta ukun ba.

Na roƙe shi ya dawo gidana. Ya ce ba komai, na ga ai ya riga ya ajiye jaka. Na raka shi wurin masu motoci washegari, na yi masa tafinta har ya sayi motarsa. Bai ɗaga maganar ba, Inna ma bai gaya mata ba. Abu guda ne ya canza. Da can Laminu yake kirana, tun daga ranar na koma Malam Laminu.

Daga baya na tambayi Madam Kilodin, da na nemi dakatawa fa? Ta yi mamakin tambayar. Ta ce, “Don me aka sa dokar?”

To, abin da nake so ku riƙe ke nan. Aikin nan zai kai ku garuruwa masu daɗi, zai sa ku riƙa jin numfashin mutumin da ke wata nahiya, har ku daina jin wanda ke tsaye a bakin ƙofarku. Masu ba ku aikin ba su nemi haka daga gare ku ba. Tsoronku ne zai nema. In na gida ya yi muku sallama, ku nemi a dakata, ku amsa.

Kawu ya sake zuwa Kwatano bara, ina garin, ban ma sauya gida ba. A bakin Inna na ji, bayan ya koma Belbeji.