A Gidanmu Ba a Kiran Masunci Idan Ya Fita

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce firamare ba. Lokacin da abin nan ya same ni, ni yarinya ce da goyo a baya, ban daɗe da zuwa garin Greensboro na Amurka ba. Mijina ya zo karatun noma a jami'a, ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na bakin Kwara ta wajen Yawuri, muka kama hayar wani ƙaramin gidan katako a unguwar Glenwood. Turanci sai na gaisuwa nake ji, ga ni da tsoro tun asali, ƙarar firji ma firgita ni take yi. Abin da na iya shi ne kallo. Ba abin da zai gifta a gidan nan ban gan shi ba.

Malam, haka nake kiransa, ɗan masunta ne gaba da baya, kamar yadda ni ma nake. Ya yi abota da wani dattijon Bature na McLeansville mai aiki a masaƙa, wanda ke da jirgin ruwa mai inji. Shi ya ja shi gasar kamun wani kifi mai faɗin baki da suke kira bas. Mutum biyu a jirgi, a fita da sassafe, a dawo da la'asar a auna, wanda nasa ya fi nauyi shi ya ci. Malam yakan yi dariya wai an gama awo sai a mayar da kifin ruwa, kuma babbansu ko jikan giwan ruwa bai kai ba. Amma dariyar iyakarta baki. Duk fitar da ya yi ƙanana yake kawowa, har wani a wurin awo ya tambaye shi ko a ba shi gwangwani ya zuba sadin ɗinsa. Ya ba ni labarin yana murmushi, amma ranar bai taɓa tuwonsa ba.

Daga nan ba shi da zance sai na manyan kifin. Ya ce mata ne, idan sanyi ya ja baya itatuwa suka fara fure, sukan taso daga zurfi su matso gefe su yi ƙwai a gindin kututturen da ruwa ya shanye. Ya gano wani lungu a tafkin da ke arewa da gari, inda wata bishiya ta faɗa ruwa da rassanta, ya ce uwarsu tana nan ƙarƙashi. Ana saura 'yan kwanaki gasar ya kai mu mu gani. Rana ta fito sosai, har ya tuɓe kwat. Na sunkuya in ɗauraye kofin 'yarmu, sai na ji sanyin ya soke ni har gwiwar hannu, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. A garinmu ko a tsakiyar sanyi kogi bai taɓa yi mini haka ba. Na faɗa masa, ya ce ni ai ruwan randa ma kuka yake sa ni, shi da ya ƙetare Kwara tana cike da akuya a wuya. Ko yatsa bai sa ya ji ba.

Ranar gasar, bayan sallar asuba, na lura da abu biyu. Rigar nan mai ruwan lemo da ke hana nutsewa, wadda dattijon ya saya masa, tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Kuma da ya ɗaga hannu zai sa riga na hango layar mahaifinsa ɗaure a damtsensa. A gida ba ya ɗaura ta sai zai shiga ruwa da jikinsa. Kafin in gama haɗa abin a kaina ya riga ya taka waje, ga motar dattijon tana jira. To a gidanmu ba a kiran masunci idan ya fita, ba a ambata masa nutsewa, an ce ke kika jawo masa. Ina ƙarama na taɓa ƙwala wa babana kira don ya manta furarsa, marin da innata ta yi mini har yau ina jinsa. Malam kuwa mutum ne da idan ya ce ya yi alkawari ba ya saɓawa. Da na kira shi na ce ya yi mini alkawarin ba zai shiga ba, da ya yi tsaki, ya yi mini tsiya, amma da ya yi. Na tsaya riƙe da ƙofa, bakina a buɗe. Abin da ya fito kawai shi ne, "A dawo lafiya."

Sauran labarin a asibiti na ji shi, dattijon yana faɗa yana kuka, wata Hajiya matar wani malamin jami'a tana fassara mini. Wai kifin ya kama ƙugiya, babba irin wanda dattijon bai taɓa gani a tafkin ba, sai ya ja zaren ya naɗe a rassan bishiyar. Dattijon ya ce a yanke zare a haƙura. Malam ya tuɓe riga ya ce a garinsu da hannu ake ciro irinsa, ya faɗa ruwan. Ya taso sau ɗaya, bakinsa a buɗe ba murya, hannuwansa sun ƙi aiki. Kafin wasu jirage su zo a zaro shi an daɗe. Likita ya ce irin wannan sanyin yakan sa mutum ya shaƙi ruwa ba da sonsa ba, komai iya iyonsa.

Bai mutu ba. Yana tafiya, yana cin abinci idan an miƙa masa, wata rana ya gane ni, wata rana ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Karatu ya ƙare. Ina shiga motar haya in je wankin kaya a wani otal, in dawo in yi masa wanka da tsumma, don idan ya ji ƙarar famfo sai ya ƙanƙame ni. 'Yarmu ta shiga makaranta, da Turanci take amsa mini, ba ta san ubanta ya taɓa yin dariya ba. Likitoci sun daina cewa mu jira. Na tura wa surukata kaset na faɗa mata komai, nata ya zo da tambaya ɗaya, wai ko na kira shi bayan ya fita. Na amsa mata na rantse ban kira ba. Ta aiko cewa alhamdulillahi, to ba laifina ba ne, hankalinta ya kwanta.

Ni nawa bai kwanta ba. Na san ƙaddara ba ta wuce ranarta, amma na gane abin da aka koya mana a bakin koginmu, don koginmu aka yi shi, ruwan nan bai san layar kowa ba. 'Yan'uwana mata da aka kawo ƙasar sanyi, idan idonki ya ga abu, ki faɗa. Ko ya kai bakin mota ki kira shi, ya yi fushi, danginsa su zage ki. Ni na kiyaye al'ada, kowa ya wanke ni, rigar kuma tana nan a ƙusarta.