Hannu ko Murya: Zaɓin Hamma Buba

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai yayana, Hamma Buba, makwancinsa a Yola. Malamin firamare ne a Rumde, mai muryar da ake jiyowa daga bakin titi idan yana aji.

Ciwon ya fara ne da rawar hannun dama. Likitoci suka ce cutar Fakinsan ce, wadda ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Magani ya riƙe shi shekaru, daga baya maganin kansa ya riƙa sa jikinsa murɗewa. Da abin ya ƙi, dangi suka haɗu aka fitar da shi ƙasar waje, ni na raka shi tare da matarsa, Adda Halima.

Likitan can ya ce za a sa siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwa, a haɗa su da batir a ƙarƙashin fatar ƙirji. Amma wuri biyu ne a ƙwaƙwalwar ake iya sa wayoyin, sai an zaɓi ɗaya. Na farko yakan rage shan magani sosai, sai dai yana iya taɓa harshe da walwala. Na biyu ya fi sauƙi ta wannan fuskar, amma magani ba zai ragu da yawa ba.

Adda Halima ta ce, “Malam, ɗauki na biyu. Da baki kake aiki.”

Ya ce, “Sau nawa kika zaga kemis-kemis na Jimeta kika dawo ba magani? Na gaji.”

Na farkon ya ɗauka, aka yi masa tiyatar, muka dawo gida.

Hannu ya kwanta. Ya sha kunu bai zubar ba, ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, muka yi ta hamdala. Amma murya ta yi ƙasa, kalmomi suka riƙa cakuɗewa, har yaran bayan aji suka daina jin sa. Ya ajiye aiki. Mutumin da ba ya rabo da raha ya koma zaman shiru a zaure. A lokacin ba mu sami mai daidaita na'urar a kusa ba. Da batir ya raunana, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ba mu iya sake tafiya ba.

Na ji har yau likitoci na auna wuraren nan biyu, suna cewa kowane marar lafiya da wanda ya dace da shi. Ban san ko tiyatar ce ta ci muryarsa ko ciwon ba. Da yana nan, ina jin tambayarsa ɗaya ce: wa zai duba mutum bayan ya dawo gida?

Me ya rage? Ɗalibansa sun girma, suna tare ni a kasuwa su yi masa addu'a. Autarsa, Inna, ba ta san shi ba sai yana raɗa. Kwanan baya ta ce mini, “Bappa, yaya muryar Baba take a da?”

Na buɗe baki in kwaikwaya mata, sai na tarar ni ma ta fara ɓace mini.

Allah Ya jiƙanka, Hamma.