Murja Mai Batir ta Bauranya

Da Murja ta fita takaba, abin da mijinta Basiru ya bari bai wuce buhu guda na matattun baturan kwamfuta da na waya ba, sai mitar gwaji da ƙaramin faifan sola. Gyaran waya yake yi a kasuwar Kankia kafin ciwon hanta ya ɗauke shi.

Wansa, Malam Yakubu, ya kawo ɗan gwangwan har ƙofar gida don ya kwashe buhun. Murja ta zauna a kan buhun.

"Yaya, ku yi haƙuri. Wannan ba ya fita gidan nan."

Ta sha kallon Basiru yana fasa batir ya zaro ƙwayoyin ciki, yana cewa ba duka suke mutuwa tare ba. Sai ta kama fasawa, tana gwada kowace da mita, tana ware masu sauran rai. Wata rana da azahar ɗaya ta kumbura a caji, ta yi tsartuwa, ta kama da wuta. Ta ƙona mata tafin hannu, ta cinye zanan ɗakin girki.

Garin Bauranya ya ɗauka. Matan maƙwabta suka hana yaransu shiga gidan. Malam Yakubu ya ce ko ta zubar da kayan ko ta koma gidan ubanta a Kusada.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kwashe kayan ta kai bayan gari, gefen gonar gyaɗar marigayin, ta sa aka yi mata ɗakin ƙasa, babu ciyawa ko kara kusa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne dalilin wutar. Ta raba ƙwayoyin: wasu ƙarƙashin kwanon rufi mai zafi, wasu a inuwa, wasu cikin gwangwani a binne a yashi mai laima. Na ƙarƙashin kwanon ne suka riƙa kumbura, musamman in an bar su a caji bayan sun cika.

Yanzu matan Fulanin ƙauyen Kaikai kan biyo ta wurinta in sun taso tallan nono, su karɓi fitilun da ta haɗa da ƙwayoyin masu sauran rai. Hannun bai koma daidai ba, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Malam Yakubu har yau ba ya amsa gaisuwarta sai da ka.

Wasu ƙwayoyin kuma suna mutuwa ko a inuwar, ba ta gano dalili ba tukuna. Ta ware musu tukunya daban.