Kubura da Sawun Saniyar Ummaru

A zamanin Turawa, bayan an gama yaƙin Bama, an yi wata mata a Kusada wadda ƙasa ba ta ɓoye ma komai. Kubura sunanta, ɗiyar wani maharbi daga Tafashiya. Uban bai samu ɗa namiji ba, sai ya riƙa jan ta daji tun tana ƙarama. Ta tashi tana duban sawun akuya ta ce tana da ciki, ta dubi na mai jan ta ta ce kaya ne bisa kanshi. Ta yi aure, mijin ya rasu, ta zauna tana saida daddawa. Yau tambayi jikokin garin ko wace ce, sai su yi maka zuru. Abin kunya!

A shekarun nan talauci ya kama garin, ɓarayin shanu kuma sun mai da bakin gari hanyarsu. Sai mutane suka yi ma kansu doka. Kowa ya share ƙofar gidanshi da yamma ya bar ƙasa sumul, kada a sake sa tsintsiya sai hantsi ya yi an duba wanda ya taka. In aka yi sata a bi sawu, ƙofar da sawun ya mutu kuwa, maigidan ne ɓarawo har sai ya wanke kanshi.

Ana haka wani maɗinki, Rufa'i, ya zo daga birnin Katsina ya sayi gida a bakin garin. Wanda ya saida mashi ya nuna mashi rijiya da rumbu, bai ce uffan kan dokar shara ba. Kullum Rufa'i ya dawo sallar asuba sai ya share ƙofar gida tas, ya yayyafa ruwa, ya fito da keken ɗinki, yadda ya saba a birni. Maƙwabta suna kallo kwana uku, ba wanda ya buɗe baki. Wai baƙo ne, zai koya. Wannan ba kawaici ba ne, mugunta ce.

Safiya ta huɗu, cikin kaka, wani manomi Ummaru ya tashi ba saniyarshi. Maza suka biyo sawu, tiryan-tiryan, har bakin sharar Rufa'i. Nan sawun ya mutu. Bayan gidan fako ne, sai ciyawa.

Jaji, mai unguwa, ya ce, "Baƙo, ina saniya?"

"Ranka ya daɗe, ni allura na sani."

"Allura ta iya shara haka?" in ji Ummaru. Aka yi dariya, Rufa'i bai yi ba. Jaji ya ce in sawu bai tashi ba kafin hantsi, a ɗaure shi zuwa Kankia gaban alkali. Wanda aka kai da sunan ɓarawo, ko ya dawo, ba ya sake kwana a garin, gidan kuma ya zama kango.

Sai ga Kubura za ta kasuwa da ƙwaryar daddawa. Ta sauke, ta ce, "Ku ja baya, ku manyan ƙafafu. Kun tattake rabin magana."

"Iya, wanga ba aikin mata ba ne," in ji Jaji.

"To ɗan nan, ina na mazan ya kai ku?"

Ko kallon wurin sharar ba ta yi ba. Ta zaga bayan gidan, ta durƙusa ta kwantar da kuncinta a ƙasa tana duban gabas. Rana ta fara hudowa, raɓa na ƙyalli bisa ciyawa ko'ina, sai wani siririn layi da ya yi duhu, inda ƙafa ta kakkaɓe ta. Wanda ke tsaye ba zai gan shi ba.

"Ga hanyarshi. Ku yi sauri, rana na shanye mani shaida."

Tsohuwa ta tattare zane tana gaba, maza na haki a baya. Inda raɓa ta bushe ta bi karyayyen kara, inda kara ya ƙare ta shinshina ƙasa ta ce saniyar ta yi fitsari nan. Ta ce ɓarawon dogo ne, yana jan ƙafar hagu, kuma ya san ƙofar da ake sharewa da asuba, don haka ba daga nesa yake ba. Ba wanda ya ƙara dariya. A wani kwari kan hanyar Rimaye suka iske saniyar ɗaure a gindin kalgo, an naɗe mata baki da tsumma. Wani maƙwabcin Rufa'i mai jan ƙafar hagu kuwa, tun ranar ba a sake ganinshi a unguwar ba.

Rufa'i ya faɗi gabanta yana kuka. Ta ce, "Tashi, kana ɓata mani sawu. Kuma ka aje tsintsiyar nan sai yamma."

Ya zauna a gidan shekara talatin, har ya aurar da ɗiyanshi a ciki.