Kaskon Inna da Motar Yaya

Shekarar da na gama takaba na dawo gidanmu a Kebbe, a shekarar yayana ya sayo wata ƙaramar mota mai shan gas. A garinmu ba a saba ganin haka ba. Gas na manyan motoci ne da injin niƙa da tarakta, ƙananan motoci kuwa fetur suke sha. Ita wannan ga ta 'yar ƙarama, fara, amma in ta tashi sai ka rantse tifa ce ta shigo unguwa. Yaya ya ce ya same ta da araha a Tambuwal, daga hannun wani da ya gaji da ita. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya gajiyar da mutumin ba. Araha dai ba ta ado.

Da damina da kaka ba ta ba shi matsala ba. Yana ɗaukar fasinja da buhunan gero daga Kebbe zuwa Tambuwal, wani lokaci ya zarce Dogon Daji, ya dawo yana yabon injin kamar shi ya ƙera shi. Ba ta shan mai, ba ta gajiya, silinda huɗu amma ƙarfin takwas. Mun ji wannan karatu har mun haddace. Sai da sanyi ya shigo sannan motar ta nuna halinta. Da asuba zai murɗa makulli ta yi ta gurnani, ta tofar da farin hayaƙi, ta yi shiru.

Bakaniken da ya duba ta a Tambuwal ya yi masa bayani, shi kuma ya zo ya maimaita mana a tsakar gida yana cin tuwo. Injin gas ba ya aiki da tartsatsi irin na fetur, zafi ne ke kunna man. Don haka kowace silinda tana da wani ɗan ƙarfe da ake kira fulogin hita, wanda yake yin ja ya ɗumama ciki kafin a tayar. Nata duk sun mutu. Yaya ya sayo wasu na hannu daga wajen masu gyaran manyan motoci, suka ƙi shiga rami, sun yi kauri. Ya sake samo na wata ƙaramar mota, waɗannan suka shiga, amma bakanike ya ce sun yi tsawo, in aka bar su fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka cikin silinda, zai doki bakinsu ya farfasa injin. Ya ce masa irin nata sai Sakkwato, ya ɗauki tsohon guda a aljihu ya je ya nuna a ba shi daidai shi.

Yaya ya ce zai je. Amma kafin ya je, wani direban babbar mota ya koya masa dabarar da ta hutar da shi zuwa: a tura garwashi ƙarƙashin injin a bar shi ya sha ɗumi. Ba wuta mai harshe ba, kar ta lashi roba da wayoyi. Garwashi kwantacce, wanda ya kwana cikin toka.

A duk gidanmu wuri ɗaya ake samun irin wannan garwashin da asuba, ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Ta tsufa, jikinta ya zama ƙashi da fata, kuma tana da tsohon ciwon ƙirji da yake tashi duk lokacin sanyi. Tana da wani kaskon ƙasa mai tsagaggen baki da take ajewa gefen gadonta. Ta iya rufe gawayin ƙirya da toka yadda zai kai safiya da ransa, abin da ni har yau ban iya ba. Da asuba sai ta tone shi da ɗan kara, ta ɗora butar alwala, ta miƙa tafin ƙafafunta. Wannan lokacin ne sanyi ya fi cizo, kuma a lokacin ne Yaya yake ɗaga labule.

"Inna, an kwana lafiya? Ara mini kaskon nan, yanzu nika maido shi."

Ba ya jiran amsa. Zai naɗe hannu da tsumma ya ɗauke, ya sauke butar a ƙasa ruwan bai ko yi ɗumi ba. In ya maido, toka ce da 'yan ƙwayoyi biyu masu lumshe ido, ga warin baƙin mai da ya ɗiga a ciki. Ni a ɗakin nake kwana. Ina kallon Inna tana alwala da ruwan sanyi, haƙoranta da suka rage suna haɗuwa.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani, marigayi mijina ma ya sani. Rannan na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Yaya, wai motar ga ita ta haife ka ko Inna?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Tuwon da kika ci gidan ga, wa ka kawo hatsinai? Ke da kinka dawo da ɗan akwatinki, ke za ki koya mini son uwata?"

Abin da ya fi maganarsa ƙona mini rai shi ne muryar Inna daga cikin bargo. "Bar shi shi ɗauka. Da ita yaka cida mu. Ni mi nika yi da wuta, na kusa shiga ƙasa."

Haka take da shi tun muna yara. Shi ne namiji ɗaya da ya rayu cikin 'ya'yanta, in ya taka ta ma sai ta tambaye shi ko bai ji ciwo a ƙafa ba. Ni ce kullum mai baƙin baki.

Na ce to, bari in yi wa abin dabara. Na sayo wani kasko a kasuwa, na roƙi Inna ta rufe mini garwashi a ciki, ɗaya na mota ɗaya nata. Kwana kaɗan aka yi haka. Sai wata safiya motar ta yi taurin kai, Yaya ya dawo ya ɗauki na biyun, ya sa ɗaya ƙarƙashin tukunyar baƙin mai, ɗaya daga gefe. Ta tashi da wuri fiye da kullum. Shi ke nan ya gano ilimi. Daga ranar kasko biyu yake fita da su, har yana ba abokansa labari a tasha cewa silinda huɗu kasko guda ya yi musu kaɗan. Na ce zan sayo na uku, Inna ta hana. Ta ce gawayi ba yashi ba ne, kuma kada in ja mata abin magana a gari.

Duk wannan lokacin tsohon fulogin yana cikin aljihun rigarsa ta gaba. Matarsa ta sha cire shi in za ta yi wanki ta mayar. Ɗan siririn ƙarfe ne, bai fi tsawon yatsana ba. In na tuna masa da Sakkwato sai ya ce wa zai bar wa fasinja yini guda, ga kasuwa tana ci. Ko ya ce abin da ke aiki ba a taɓa shi. Gaskiyarsa, abin yana aiki. Mota tana tashi kullum, tarin Inna kuma yana ƙara zurfi, tana tofar da majina a wani ɗan gwangwani tana ɓoye shi bayan gado don kada in gani.

Ranar da abin ya faru, zazzaɓi ya rufe ta tun magariba. Numfashinta yana fita da ƙara, tana riƙe haƙarƙari. Ba ta iya tashi ta rufe garwashi ba, ni kuma hannuna biyu suna kanta. Da aka kira sallar asuba na je na buga wa Yaya ƙofa na ce sai asibiti a Tambuwal, yanzu. Ya tsorata, ba zan yi masa ƙarya ba. Shi ya ɗauko ta da hannunsa kamar jaririya ya kwantar da ita a kujerar baya, na shiga na ɗora kanta a cinyata. Sannan ya koma ɗaki da gudu neman kasko. Duk biyun sun mutu, toka ce mai sanyi.

Cikin motar nan ya fi waje sanyi, ƙarfe ne ta ko'ina. Ya murɗa makulli, ta yi gurnani. Ya sake murɗawa. Farin hayaƙi ya cika ƙofar gida, yana shigowa ta tagar da gilashinta ba ya rufuwa, Inna tana shaƙa tana tari. Ya yi ta murɗawa har gurnanin ya koma nishi, batir ya mutu. Masu fitowa daga masallaci suka taru suka tura, amma injin gas yana da nauyin juyawa, ga yashin unguwarmu. Da ya saki kuloci sai tayoyin su ja ƙasa su tsaya.

Wani maƙwabcinmu, dattijo, ya zaro karan dawa daga danga ya kunna, ya durƙusa zai tura ƙarƙashin injin. Yaya ya fito ya take wutar da takalmi.

"Baba, ƙone mini ita za ka yi? Harshen wuta na wanga. A hura gawayi."

Aka tafi hura gawayi. Wani ya hau babur ya tafi neman motar fetur a ɗaya gefen gari. Ni ina zaune a baya ina jin jikin Inna yana rawa a cinyata, rawar tana raguwa. Ta buɗe ido ta dube ni, na kai kunnena bakinta ina zaton wasiyya za ta yi.

"An kai mishi kaskon?"

Na ce an kai. Ba ta ƙara magana ba. Lokacin da motar fetur ta iso, gawayin bai gama kamawa ba, Inna kuwa ta riga ta cika. Motar Yaya ba ta matsa daga ƙofar gida fiye da tsawon tabarma ba.

A wajen zaman makoki Yaya ya yi kuka sosai. Masu ta'aziyya suna cewa Allah ya yi masa albarka, ya riƙe uwarsa har ƙarshe, a motarsa ma ta cika. Ina jin su daga cikin gida. Gwaggonmu ta matse mini hannu don ta ga bakina yana motsi, ta ce in ji tsoron Allah in yi shiru, kwanan Inna ne ya ƙare. Na san kwananta ne ya ƙare, ba na jayayya da ƙaddara. Amma na tsani yayana a ranar, kuma ba zan ce abin ya gama fita daga raina ba.

Bayan sadakar uku ya nemi komawa aiki. Ya sa matarsa ta rufe masa garwashi, da safe aka tarar ya mutu. Ya zo wajena, na ce ban iya ba, kuma ko na iya ba zan yi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna yana kallon kaskon nan mai tsagaggen baki, ya sosa ƙeya. Sai ya shiga ya sa hularsa, ya tafi tasha ya hau motar haya.

Kafin la'asar ya dawo daga Sakkwato. Fulogi huɗu sababbi, cikin 'yar leda, a aljihun da tsohon ya yi wata da watanni yana kwana. Wani bakaniken garinmu ya ɗaura su kafin magariba, ya haɗa masa batir. Washegari da asuba, sanyi na nan yadda yake, ina kan sallaya a ɗakin Inna na ji ya murɗa makulli. Motar ta tashi nan take.

Ya bar ta tana ruri ya shigo tsakar gida, ya ɗaga labule yana murmushi, irin murmushin da yake yi wa Inna in ya kawo mata goro.

"Kin jiya?" in ji shi. "Bugu guda."