Tsutsar da Ba Ta da Lamba

A shekarar da tsutsar ta zo, aikina shi ne sauraren manoma. Ina zaune a wani ɗan biro, wato ofis, a unguwar Zariya, ɗaki guda da fanka mai ƙara, na toshe kunnuwa da abin ji, ina bin saƙonnin murya da mutane ke aikowa daga gonaki da garake. Wani sai ya gaishe ni ya gaida iyalina da shugabannina kafin ya zo kan maganar, wani kuma jaki na kuka a bayansa. In na gama ji, sai in nemi sunan abin da ke damunsa a cikin ordinatar, wato kwamfuta.

Sunayen nan su ne dukan aikin. Ƙungiyoyi uku ke tara labarin gona a yankinmu, kowace da na'urarta, kuma ba wadda ke gane maganar 'yar'uwarta. Malaman gona na Tibiri suna rubuta cuta da irin ɓarnar da ta yi wa shuka. Masu sayar da iri da maganin ƙwari a Sabon Gari suna rubuta abin da mutum ya zo saye. Koperatif ɗin manoman rani na Jiratawa kuwa ba ta san komai ba sai sunan Faransanci. Mu aka ɗora wa haɗa su. Kowane ƙwaro, kowace cuta, kowane iri, a ba shi lamba guda, a jera sunayensa a ƙarƙashinta da Hausa da Faransanci da Fulatanci da Buzanci. In abu ya samu lamba, to gargaɗin da ya tashi daga Tibiri zai faɗa wayar manomin Jiratawa da harshen da yake ji.

Na so aikin nan, ba zan ɓoye ba. Na sha zama da tsofaffi suna musu a kan sunan ƙwaro ɗaya har shayi ya huce, kowa na rantsuwa cewa na garinsu ne na asali, ni kuwa ina rubuta duka ina dariya a ciki.

Yayana, babba a gidanmu, shi ke riƙe da filin mahaifinmu a cikin gonakin ban-ruwa na Jiratawa. Da filin nan ya yi mini lakkwal, wato makarantar boko, da shi yake ciyar da Inna da matarsa da yara. Ni na sa lambar wayarsa cikin masu karɓar saƙo, ba da sonsa ba. Da farko tsiya yake mini, yana cewa ashe yanzu ƙarfe ne zai koya masa noma. Sai wata rana saƙo ya zo cewa darɓa, ƙwaron nan mai tsotse ganye, na tafe, a duba ƙarƙashin ganye. Ya duba don ya ƙaryata ni, ya same ta ta fara. Ya tsira da kabejinsa a shekarar da maƙwabcinsa ya yi asara. Daga nan Yaya ya tuba. Ya daina sauraren jita-jitar majalisa, in aka kawo masa labari sai ya laluba aljihu ya ce bari ya ji abin da waya ta ce. Na yi ta alfahari da wannan har a biro.

A shekarar tsutsar, Yaya ya yanke shawarar sa tumatir a filin gaba ɗaya. Ɗakin Inna na ƙasa ne, bangon gabas ya tsage tun daga sama har ƙasa, kuma kowa ya san ba zai ƙara ɗaukar wata damina ba. Tumatir ɗin nan shi zai tayar mata da sabon ɗaki kafin ruwa ya sauka. Ya yi renon irinsa a gefen fili, ya fito kore shar, yana jiran dashe.

Saƙon farko daga Tibiri ya zo, muryar wata mata mai garka a bakin Gulbi. Ta ce ganyen tumatir ɗinta ya yi fari-fari kamar an kankare shi, in ta ɗaga shi ga rana tana ganin wani abu na motsi a cikin ganyen, ba a samansa ba. Na nema a cikin sunayenmu, ban samu ba. Malamin gonar Tibiri ya riga ya rubuta shi a matsayin ƙunar ganye, abin da aka saba gani in ruwa ya yi ƙaranci. Na wuce na gaba.

Bayan 'yan kwanaki wani ya ce nasa ya bushe kamar an gifta masa wuta. Wani ya ce ya yanka tumatir ɗanye ya tarar da rami baƙi a ciki. Wani tsoho bai ma yi bayani ba, ya ce dai a zo a gani, ya kashe waya. A daidai lokacin, masu shaguna a Sabon Gari suna rubuta cewa maganin tsutsa na tafiya sosai. Na kira ɗaya daga cikinsu, ya ce mini mutum zai saya yau, jibi ya dawo ya ce bai kashe ba, a ba shi mai ƙarfi. A na'urar Tibiri abin ƙuna ne, a ta Sabon Gari ciniki ne, a ta Jiratawa kuwa babu komai, lafiya lau. Ni da nake jin muryoyin duka a kunne ɗaya, na fara zargin duk abu ɗaya ne.

Na kai wa shugaban biro, wanda muke kira Shef. Mutum ne mai ilimin ƙwari, ba ya wasa da aiki. Ya sa abin ji ya saurari saƙonnin a jere, na ga fuskarsa ta canja. Ya ce yana zargin wani abu da ya taɓa karantawa, in kuwa shi ne, to Allah ya kyauta.

Na ce, "To Shef, a aika gargaɗi mana."

Ya ce, "Da wace lamba, Madam?"

Dokar ke nan, kuma na san ta. Abu ba ya shiga jerin sunaye sai an kai samfurinsa Yamai masana sun tabbatar, sannan ƙungiyoyin uku sun sa hannu. Ba don mugunta aka yi ta ba. An taɓa aika gargaɗi bisa zato, mutane suka sayi maganin da ba shi ba, suka ƙona wakensu, aka yi ta zagin kowa. Tun daga ranar aka rantse ba za a sake ba. Na'urar Jiratawa kuma ba tamu ba ce, ba ta karɓar zance, lamba kawai take karɓa. Shef ya sa aka ɗebo masa tsutsotsin daga Tibiri a 'yar kwalba, ya aika Yamai a ranar. Ya kuma kira shugaban koperatif da bakinsa. Shi kuwa ya ce ba zai tayar da hankalin mutanen da suka gama reno a kan abin da ko suna ba shi da shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa wanda zan ɗora wa laifi, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Na hau kabu-kabu na tafi Tibiri don in gani da idona. Tun daga nesa garakan sun yi launin ƙasa. Tsohon nan da ya kashe waya ya kai ni tsakiyar tasa, ya sa ƙafa ya girgiza wata shuka. Wasu 'yan ƙananan ƙwari masu fiffike, ruwan toka, suka tashi buu, suka sake sauka kusa. Ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ya tsinko tumatir mai kyau a ido, ya matsa shi da babban yatsa, ya fashe da ruɓa.

A hanyar dawowa na tsaya Sabon Gari inda ake sauke kayan gwari. A nan na ga abin da ya hana ni cin abinci ranar. Kwandunan tumatir ba na kowa ba ne, yawo suke yi. Dillali ya juye na Tibiri, ya bar busasshen ganyen da aka shimfiɗa a gindinsu, ya jera su a bayan mota, a kai wa masu garka na gaba. Na tambayi direban ina zai kai waɗannan. Ya ce Jiratawa, masu tattasai na jira. Na tsaya ina kallo har motar ta sha kwana.

Washegari na sami Yaya a fili, ya gama gyara kunyoyi. Na zayyana masa duk abin da na ji da wanda na gani. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ciro waya daga aljihu ya miƙo mini.

"Duba min, Auta. Ta hwaɗi wani abu?"

"Ba ta faɗa ba, Yaya, don abin bai samu lamba ba tukuna. Amma ni na gan shi."

"Kin ga garka ta ƙone a Tibiri. Su da ba su da ruwan kirki, kullum garka na ƙonewa can. Mi ne ne sunan abin?"

"Ba shi da suna."

Ya yi murmushi irin wanda yake mini tun ina ƙarama. "Ke kika ce in bar jin ta bakin mutane. Na bari. Yanzu kuma kin zo min da ta baki."

Na roƙe shi ya raba filin, rabi albasa ko kabeji. Ya ce ina zai samu irin albasa yanzu, kowa ya dasa nasa, ga layin ruwansa ya zo, in ya wuce sai wani zagaye, renon kuma ba ya jira. Duk gaskiya ne. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba, har masu fili na kusa suka ɗago kai. Ya ce in je in gaida Inna. Da yamma suka yi dashe.

Abin da ya fi wahala shi ne kyan da filin ya yi. Ban taɓa ganin tumatir ya kama ƙasa haka ba. Ya yi duhu, ya yi fure, masu wucewa na cewa tubarkalla. Yaya ya sa aka fara buga tubali a ƙofar gida, Inna na zagayawa da sandarta tana nuna inda take son taga. Ni kuwa kowace safiya in na shiga biro, abin da nake fara tambaya shi ne ko Yamai ta amsa. Saƙonnin murya suka ci gaba da zuwa, kuma garuruwan da ake ambata suna ta matsowa kudu, suna bin Gulbi. Ranar hutu in na je Jiratawa, gaisuwa kaɗan nake yi in shiga fili ina juya ganye ɗaya bayan ɗaya. Yaya na tsokanata wai lokotoro ta zo duba marasa lafiya.

Na sami abin a kunya ta can ƙarshe, kusa da inda motoci ke tsayawa. Ɗan tabo ne fari a ganye ɗaya, bai kai farce ba. Na ɗaga shi ga rana, na kira Yaya, ya zo ya duba tare da ni.

Ya yi feshi. Ya sake yi. Ya sayo mai ƙarfi, ya haɗa biyu, har rigarsa ta riƙa warin magani ko an wanke, idanunsa suka yi ja, yana tari. Tsutsar na cikin ganye, maganin na bisa. Kafin 'ya'yan su nuna, filin ya koma irin garakan Tibiri, na maƙwabta ma haka, layi bayan layi. Abin da aka tsinka bai cika kwandon da za a kai kasuwa ba tare da kunya ba. Aka daina buga tubali. Waɗanda aka buga suka zauna a ƙofar gida, awaki na hawa.

Amsar Yamai ta zo bayan haka. Zargin Shef ne ya tabbata. Aka kira taro, ƙungiyoyin uku suka sa hannu, abin ya samu lambarsa da dogon sunansa na masana. Aka juyo gare ni aka ce in ba da na Hausa. Na ce tsutsar cikin ganye, aka rubuta, aka nemo na Fulatanci da na Buzanci. Da hannuna na danna saƙon ya fita, ya isa Tibiri da Sabon Gari da Jiratawa a lokaci guda, karo na farko da na'urorin uku suka faɗi abu ɗaya a kan wannan tsutsa. Wasu a biro suka yi tafi. Ba laifinsu ba ne, an daɗe ana neman wannan ranar, kuma na san manoman da ke can gaba, inda abin bai kai ba, za su amfana.

Da la'asar na tafi Jiratawa. Na tarar da Yaya yana tuge shukokin yana tarawa don a ƙone. Saƙon ya riga ni isa. Ya ce ya saurara, muryar ta fita sarai, har ta ce kada a bar kwandon wani gari ya shigo fili.

Na ce yanzu an gyara, abin ya shiga, ba za a sake irin wannan ba. Na ce ɗakin Inna za mu san yadda za mu yi, ko a tokare bangon da itace zuwa baɗi.

Ya karkaɗe ƙasar hannunsa, bai dube ni ba.

"Auta, in kin koma, ki cire lambata."

"Yaya, ai yanzu ne za ta yi maka amfani."

"Na ji. Ki cire."

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi da na fi samun sauƙi. Washegari na cire ta. Damina ta zo da wuri a shekarar, muka kwashe kayan Inna zuwa ɗakin yara tun ruwan farko, bangon kuma bai kai ruwa na uku ba ya faɗi.

Har yau ina wannan aiki, jerin sunayen ya yi tsawo, kuma yana ceton mutane. In na ji wani abu na tasowa, da lamba ko babu, nakan hau kabu-kabu in je in gaya wa Yaya da bakina. Yakan ajiye fartanya ya saurare ni da ladabi, ya yi mini godiya kamar yadda ake yi wa malamin gona baƙo, ya ce a gaida mutanen biro.